Baba ya kasa karanta layin ƙasa: lasisi, netwok da zafin Legas

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ne autan gidanmu, muna zaune a Agege. Mahaifinmu yana da shekara 72. Ya yi sama da shekara talatin yana jan tanka daga Apapa zuwa Arewa kafin ya ajiye. Yanzu yana da 'yar Corolla tasa, da ita yake kai jikoki Islamiyya, wani lokaci kuma 'yan unguwa su ɗauke shi shata zuwa filin jirgi ko Mile 12. Lasisinsa ya ƙare wata biyu ke nan. Ni na cike masa fom a kwamfutata, ita ma da ƙyar, don tana yin zafi ta mutu da kanta ina tsakiyar aiki. Sau uku muna zuwa wurin ɗaukar hoto. Zuwan farko aka ce babu netwok. Na biyu aka ce sunansa na NIN bai yi daidai da na lasisi ba. Na uku muka koma ko za a taimaka, muka zauna daga ƙarfe goma har bayan azahar cikin zafin nan. Aka sa shi karanta allon gwajin ido, ya kasa layukan ƙasa. Muna fitowa jiri ya ɗebe shi, sai da muka zaunar da shi a gindin wata rumfa. Yana shan maganin hawan jini da na suga. Dama ko a banki na'ura kan wahala kafin ta karɓi yatsunsa. Yanzu wani ejan ya ce mu kawo naira dubu 45, cikin mako guda kati zai fito ba sai Baba ya je ba. Yayyena sun ce a ɓoye makullin motar kawai. Baba ya ce tun ba a haife mu ba yake bin hanyar Ikko zuwa Maiduguri, ko kaza bai taɓa takewa ba. Ni ina tsakiya. Me zan yi?

Autan Baba, Agege

AMSA

Wa alaikumus salam, Auta. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya biya ka ɗawainiyar da kake yi.

Daga yadda ka rubuto, abin da ya fi ci maka tuwo a ƙwarya shi ne netwok da NIN. Waɗannan za su warware, za mu zo kansu. Maganar da ta fi nauyi a wasiƙarka ita ce wadda ka faɗa a taƙaice ka wuce: layukan ƙasan da Baba ya kasa karantawa, da jirin da ya biyo baya. Shawarata, kada ku sake komawa wurin ɗaukar hoto sai likita ya duba idonsa da jikinsa. A tsakanin nan motar ta huta. Ba sai an ɓoye makulli ba, hujja tana hannunku: lasisi ya ƙare, kuma Baba ya fi ku sanin abin da ke biyo baya idan jami'an duba motoci na VIO ko jami'an kula da zirga-zirgar motoci na Legas, LASTMA, suka tsayar da mutum babu lasisi mai rai. Idan tsautsayi ya gitta, kamfanin inshora ma zai iya fakewa da wannan ya ƙi biya. Tsohon direba ya fi jin wannan yaren a kan "Baba ka tsufa".

Allon da aka sa shi karantawa, ana tsayawa ne mita 6 daga gare shi. Idan aka rubuta wa mutum 6/6, ganinsa cikakke ne. Idan aka rubuta 6/12, ma'ana abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga mita 12, shi sai ya matso zuwa mita 6. A ƙasashe da yawa 6/12 ɗin nan ne iyakar da ake yarda mai ƙaramar mota ya hau titi da ita, da tabarau ko babu, masu manyan motoci kuwa ana tsananta musu fiye da haka. Akwai gwajin da za ka iya yi yau a ƙofar gida, irin wanda ake yi wa mai neman lasisi a Ingila: da rana, Baba ya tsaya mita 20 daga wata mota da bai san lambarta ba, kusan tsawon motoci biyar a jere, ya karanta lambar. Sannan ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya sake karantawa, ya sauya zuwa ɗayan. Kada ka tsallake rufe idon nan. Mutane da yawa ido guda ne ke ɗauke da su shekara da shekaru ba su sani ba, sai ranar da aka rufe mai kyan.

Abu huɗu ne galibi ke hana mai shekara saba'in karanta layin ƙasa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi shi ne buƙatar tabarau na hangen nesa, wanda awon minti ashirin ke ganowa. Ka lura, tabarau na bakin titi da dattawa ke saya don karatun Alƙur'ani na ganin kusa ne, idan aka sa shi a kan sitiyari ƙara dusashe hanya yake yi.

Na biyu yanar ido ce, kuma a shekarun Baba ita na fi zato. Tambaye shi ko ka lura da kanka: fitilar motar da ke tahowa da dare tana watsuwa a idonsa kamar rana a kan kwano? Yana yawan goge gilashin gaba alhali gilashin a wanke yake? Yana ganin abu kamar ta cikin hazo? Idan yanar ido ce, to albishirinku, don ita ce makantar da ake warkewa. Aikin ba ya wuce kusan rabin sa'a, ana kashe zafin idon ne kawai ba a sa mutum barci, a cire madubin cikin ido da ya yi fari a sa na roba a gurbinsa. Ido ɗaya ake yi, ya warke, sannan a zo kan ɗayan. Za a ba shi maganin ɗigawa na makonni, sai bayan mako huɗu zuwa shida a auna masa tabarau. Sai dai likita ba zai taɓa idon ba sai suga da hawan jini sun daidaita. Wani dattijo a majalisa zai iya ba Baba labarin mai cire yana na gargajiya da ke yi a gida cikin sauƙi. Wannan da tsinke yake tura madubin ya faɗa can cikin ido, mutum ya ga haske na ɗan lokaci, daga baya ciwo ya shiga, sau da yawa idon ya mutu gaba ɗaya. Ku rufe wannan ƙofar tun yanzu.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro ga direba: glakoma, da ake kira hawan jinin ido. Galibi ba ta da ciwo, tana cin jijiyar gani ne daga gefe zuwa tsakiya, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Mai ita zai iya karanta lambar motar da ke gabansa tsaf, amma keken da ya kunno kai ta hagu ko yaron da ya sauko daga danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ta dama sai sun zo gaban hancinsa zai gan su. Abin da ta cinye ba ya dawowa, maganin ɗigawa na kullum yana tsayar da ita ne kawai. Magungunan jan ido da ake saya a kemis babu takardar likita, musamman masu sinadarin sitiroid, suna ɗaga matsin ido, don haka duk kwalbar da Baba ke ɗigawa ku tafi da ita a nuna wa likita. Na huɗu kuma ɓarnar suga ce a ƙananan jijiyoyin jinin bayan ido, shi ya sa ake son mai suga a duba masa bayan ido duk shekara ko yana gani garau.

Asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba yana da sashen ido, haka LASUTH a Ikeja. Kuna iya farawa daga babban asibitin Orile-Agege da ke kusa da ku, in da buƙata a ba ku takardar turawa. Ka roƙi abu huɗu da bakinka: awon gani da allo, kowane ido daban, awon matsin ido, wanda lafiyayyensa ke tsakanin 10 da 21, awon faɗin gani, da duba bayan ido. Na ƙarshen sai an ɗiga maganin da ke buɗe baƙin ido, gani zai dusashe na wasu sa'o'i, rana kuma za ta dame shi, don haka ku tafi da baƙin gilashi, kuma ba shi zai tuƙo ku gida ba. Ka ce wa likitan ƙarara, "Baba direba ne, muna son sanin ko zai iya tuƙi da rana, da dare fa?" Ku nemi amsar a rubuce. A roƙi Baba ma ya faɗi gaskiyar abin da yake gani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jirin kuma, kada a ce zafi ne kawai a bar shi nan. Wanda ya saba da zafin Sakkwato ko Maiduguri mai haura digiri 40 yakan raina na Legas, tunda daga Fabrairu zuwa Afrilu ma bai cika wuce 33 ko 34 ba. Bambancin a damshin iska yake. A Arewa zufa na fitowa ta bushe ta tafi da zafin jiki, a nan kuwa iska ta riga ta ƙoshi da ruwan teku, zufar sai ta tsaya a jiki tana tsiyaya, ruwa na ƙarewa amma jiki bai huce ba. Tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro. Ƙara da wani abu da dattawa ba sa faɗa: da gangan suke rage shan ruwa ranar zuwa ofis, don gudun neman makewayi a bainar jama'a da son riƙe alwala. Ka haɗa wannan da zaman sa'a huɗu a kan benci, sannan a miƙe tsaye farat ɗaya.

Ɗauko ledar magungunansa ka karanta. Idan a cikin na hawan jinin akwai mai sa fitsari, irin su hydrochlorothiazide, Moduretic ko Lasix, to yana rage ruwan jiki a kan wanda zufa ta riga ta kwashe, jini ya faɗi idan an miƙe. Idan na sugan glibenclamide ne, wanda aka fi sani da Daonil, ko kuwa allurar insulin, to shan sa ba tare da cin abinci a kan lokaci ba yana faɗar da suga: rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, ruɗewa. Wanda ya karya da shayi da burodi da ƙarfe bakwai ya kai ƙarfe biyu bai sa komai a ciki ba, abin da zai same shi ke nan, kuma idan ya same shi a kan gadar Third Mainland babu rumfar da za a zaunar da shi. Kada ku dakatar da kowane magani da kanku. Ku kai ledar gaba ɗaya wurin likitan da ke duba shi, ku ba shi labarin jirin, a auna jinin yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe da minti ɗaya zuwa uku. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, likita ya san abin da zai gyara. Idan kuna da na'urar awon suga a gida, ƙasa da 70 faɗuwa ce: a narka sukari cokalin shayi uku a ruwa ya sha, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Mai shan irin waɗannan magungunan bai kamata ya tayar da mota ba idan awon bai kai 90 ba. Piriton da dangoginsa na mura ma suna sa gyangyaɗi, a sa su a lissafi.

Jirin da ya lafa da zama a inuwa da shan ruwa daban yake da wanda ya zo da karkacewar baki, shanyewar hannu ɗaya, sarƙewar harshe, ciwon ƙirji, ko jiki ya yi zafi rau mutum yana surutai. Wannan ba a jira, a kira 112 ko 767, ko a sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa, ana jiƙa masa jiki ana yi masa fifita a hanya.

Ejan ɗin nan, ka ba shi haƙuri. Tun watan Yunin 2025 kuɗin lasisin mota a hukumance naira dubu 15 ne na shekara uku, dubu 21 na shekara biyar. Gaskiya ne shafin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC yana da zaɓin sabuntawa ba tare da sabon ɗaukar hoto ba ga wanda bayanansa suke daidai a rumbu, amma na Baba ba daidai suke ba, to ta wace ƙofa ejan zai bi? Katin da lambarsa ba ta cikin rumbun hukuma roba ce kawai mai hoto, ranar da aka buga lambar a bakin titi, Baba ne zai amsa tambaya, ejan yana gidansa. Ko da a ce katin gaske zai fito, me kuka saya da dubu 45 ɗin? Izinin a tsallake gwajin da ya nuna muku akwai matsala, a motar da ke ɗaukar jikoki. Idan lokacin biya ya zo, ku zaɓi na shekara uku, don a sake duba idon da wuri.

Batun suna ya zama ruwan dare a wajenmu. Mutum ɗaya ne Muhammadu a NIN, Mohammed a lasisi, Mamman a katin zaɓe. Wani Abubakar ne a nan, Garba a can. Wani sunan garinsu aka sa masa a gurbin sunan mahaifi lokacin da ya fara aiki, wani kuma magatakarda ne ya juya sunayen, na farko ya koma ƙarshe. Ranar haihuwa kuwa, dattawa nawa aka rubuta wa 1 ga Janairu don a cike gurbi? Kwamfuta ba ta san Garba shi ne Abubakar ba, harafi take gwadawa da harafi. Shimfiɗa tabarma ka baje takardun Baba duka: takardar NIN, tsohon lasisi, fasfon da ya yi Hajji ko Umara da shi in akwai, katin zaɓe, da bayanan BVN da banki zai buga muku. Rubuta sunan farko, na tsakiya, na ƙarshe da ranar haihuwa na kowanne a layi. Idan NIN ya dace da banki da fasfo, lasisi ne bare, sai a nemi gyaran bayanan lasisi a cibiyar, a tafi da takardar rantsuwa ta kotu da ke cewa sunayen na mutum ɗaya ne. Wannan ya fi sauƙi, tunda NIN na ɗaure da layin waya da asusun banki, taɓa shi na iya jawo wani ƙullin. Idan NIN ɗin ne ke da kuskure, hukumar NIMC ke gyarawa, a ofishinta ko ta shafinta na gyaran kai. Gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada da ɗaukar lokaci, kuma ana neman takardar shaida daga hukumar ƙidaya ta ƙasa. Bayan gyara ku ba shi 'yan kwanaki kafin ku koma, rumbunan ba sa ganin juna nan take.

Kwamfutarka ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi. Idan zafin ƙwaƙwalwarta ya doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu ta taru a fanka ta toshe ragar fitar iska, kai kuma ƙila a kan katifa ko filo kake ɗora ta. Ɗora ta a kan tebur, ka ɗaga bayanta da littafi siriri, ka kai hannu gefen da iska ke fita. Idan fanka na ƙara amma iskar ba ta da ƙarfi, toshewa ce. Idan shiru kake ji, fankar ta tsaya. Mai gyara a Computer Village, kasuwar kwamfuta da wayoyi, zai buɗe ta ya share ƙurar ya sauya man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen janye zafi, aikin da bai kai sa'a guda ba, kuma ka tsaya a yi a gabanka. Idan ka ga madannai sun taso ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura, daina caji har a cire shi. Fom ɗin kuwa waya ma tana cikewa. Duk inda ka kai, ɗauki hoton lambar neman da shafin ya ba ka, ka adana takardar biya a waya ka buga kwafi biyu. Idan an cire kuɗi shafin bai nuna ba, kada ka sake biya, ka jira kwana ɗaya ko biyu, in shiru ka je banki da lambar cinikin.

Hannu uku ne a kan lasisi: MVAA, hukumar rajistar motoci ta jihar Legas, da ke tabbatar da biya kuma take ba da katin, VIO da ke sa hannu a kan cancantar direba, sai FRSC da ke ɗaukar hoto da zanen yatsu. Na'urar ɗaukar hoton tana magana ne da babban rumbun hukuma da kuma na NIN, idan ɗaya ya yanke ko wuta ta ɗauke, ma'aikacin da ke gabanka ba shi da abin yi, roƙo ko faɗa ba sa dawo da netwok. Abin da ke hannunka shi ne tsara ranar. Ka guji Litinin saboda cunkoso, ka guji Juma'a saboda ranar gajera ce, idan kuma Baba na azumin Alhamis, sai ya rage Talata da Laraba. Kai ka fara zuwa kafin ƙarfe takwas, ka karɓi layi, ka gama zagayen tebura da takardu, ka tabbatar da idonka ana ɗaukar mutane, sannan ka kira a kawo Baba. Ya karya da abinci mai riƙe ciki, ya sa farar riga mara nauyi, ku riƙo ruwan leda uku ko huɗu, dabino ko biskit, da lema. Ya riƙa kurɓa ko bai ji ƙishi ba, sai fa idan likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Ka gano inda makewayi yake ka faɗa masa tun da wuri. Ka kuma gaishe da ma'aikacin ka ce dattijo ne mai suga, sau da yawa ana shigar da irinsu gaba.

Yatsun da suka yi shekara talatin a kan sitiyari, suna shan man dizal da omo, zanensu ya sha goga, fatar tsufa kuma busasshiya ce. Kwana huɗu ko biyar kafin ranar ya riƙa shafa man kaɗanya ko basilin da dare, ya bar wankin mota da hannunsa. Ranar kuma kada ya shafa mai. Idan yatsan ya bushe, ya goga shi a goshi kafin ya ɗora. Idan zufa ta jiƙa shi, ya share da hankici. Ya kwantar da cikin yatsan ne a kan gilashin, ban da dannawa da ƙarfi, don dannawa na shafe zanen.

Akwai maganar shata. Wanda ke tuƙi don kuɗi a Legas ana son ya riƙe katin LASDRI, cibiyar horar da direbobi ta jihar da ke da ofishi a Oshodi, ana sabunta shi duk shekara, can ma ana gwada ido. Lasisin haya kuma yana tafiya da takardar lafiya daga asibitin gwamnati. Idan har yanzu na Baba na manyan motoci ne, rukunin G, babu dalilin ya ci gaba da ɗaukar ma'aunin tanka a kan Corolla, ku nemi a mayar da shi rukunin B na ƙaramar motar gida. Shatar filin jirgi ita ce ta farko da zan so ya ajiye, domin ita ke fitar da shi da asuba ko tsakar dare, da fasinja mai gaggawa a baya. Idan kuɗin shatar ne ke riƙe da cefanensa, ku 'ya'ya ku zauna ku yanka abin da kowa zai riƙa kawowa a wata kafin a buɗe masa maganar. Yayyenka da ke cewa a ɓoye makulli, nan ne wurin da za su nuna da gaske suke.

Maganar Baba cewa ko kaza bai taɓa takewa ba, ku karɓe ta da girmamawa, gaskiya ce kuma abin alfahari ce. Sai dai shaida ce a kan idon da yake da shi a wancan lokacin. Shekaru su kaɗai ba sa sauke mutum daga mota, akwai mai 75 da ya fi ɗan 30 natsuwa a titi. A Ingila mai shekara 70 yana sabunta lasisi ne duk bayan shekara uku, a Japan daga 75 har gwajin ƙwaƙwalwa ake yi. Ka faɗa masa wannan don ya san ba shi aka ware ba.

Bayan likita ya ba da izini kuma takarda ta fito, ka shiga gaba ka zauna kusa da shi na minti talatin ko arba'in, rabi a hanyar da ya haddace, rabi a wadda bai saba ba. Kada ka yi masa gyara, kallo kawai. Yana duba madubi kafin ya sauya layi? Wuyansa na juyawa ya leƙa kafaɗa? Motar na zamewa zuwa layin wani? Birki na zuwa a makare, har ka ji ƙafarka na neman taka ƙasa? Ana yawan danna masa oda? Ƙafarsa ta taɓa laluben birki ta sami totur? Zagaya motar ma ka duba kusurwoyin bamba da madubin gefe, sabon ƙarce da ba a san asalinsa ba yana ba da labari. Idan ya taɓa ɓata a hanyar da ya sani, ko ya tsaya a mararraba ya rasa inda za shi, wannan ya wuce batun ido, a faɗa wa likita.

Galibi abin da ke fitowa tsaka-tsaki ne: tuƙin rana, cikin unguwa, masallaci, kasuwa, gidan 'yan'uwa. Babu dare, babu lokacin da ruwa ke zuba, babu titin Oshodi zuwa Apapa tsakanin tireloli, babu fita tsakanin sha biyu da la'asar a watannin zafi idan na'urar sanyaya motar ba ta aiki. Tafiya mai nisa akwai motocin bas na BRT daga Abule Egba zuwa Oshodi, akwai jirgin ƙasa na Red Line da ke tsayawa a Agege. Jikoki kuwa, har sai an ga sakamakon faɗin gani, wani ya riƙe sitiyari Baba yana gidan gaba yana nuna hanya.

Kai auta ne, wannan hukuncin bai kamata ya fito daga bakinka ba, kuma kada a yi shi a tsakar gida gaban surukai da jikoki. Ka nemi amininsa, in son samu ne tsohon direba irinsa da suka yi zamanin Apapa tare, ko limamin masallacinku, ka nuna masa takardar likita, su zauna su biyu. Makulli ya ci gaba da zama a aljihun Baba.

Ranar da aka ɗauki hoton, takardar wucin gadi za a ba shi, mai aiki na kwana 60. Kafin ku bar teburin ka karanta sunan harafi-harafi, da ranar haihuwa da rukunin lasisin, don abin da ke kanta shi zai hau katin. Ka yi mata kwafi, ka ɗauki hotonta a waya, ka rubuta ranar ƙarewarta a kalanda. Idan saura mako guda katin bai fito ba, kai za ka koma cibiyar da ita a ga yadda za a tsawaita, Baba ya zauna a gida.